Amsa: In gina API da kaina ko in dogara da na waje?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakanin rubuta API ɗin manhajarka (hanyar da manhajar ke bi ta yi magana da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayananta) da kanka da ɗora komai a kan irin su Firebase, dandalin Google da ke riƙe wa manhajoji bayanai da ayyukansu na bayan fage. A ganina raba aikin za ka yi.

Karɓar kuɗi da kati, kada ma ka fara. Ajiye lambobin katin mutane na da ƙa'idojin tsaro masu tsauri na kamfanonin kati da ake kira PCI DSS, kuskure ɗaya ya isa ya zubar da amanar da aka ba ka. Bar wa masu wannan sana'a. Haka tura imel da saƙon tes.

Amma bayanan masu amfani da manhajar da dokokin kasuwancinka, su nake so ka riƙe a hannunka. Wanda ya hau dokin aro, inda aka ce ya sauka nan zai sauka. Facebook ya sayi Parse, wani dandali irin Firebase, a 2013, a Janairun 2016 ya sanar zai rufe shi, mutane suka samu shekara guda su kwashe kayansu. Heroku ma, dandalin da ake ɗora manhajoji a kansa, ya janye tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022.

Gina naka ba hutu ba ne fa. Sabunta tsaro, ajiye kwafin bayanai, tashi cikin dare idan sabar ta faɗi, duk a wuyanka suke. Idan kai kaɗai ne kuma gwaji kake, fara da na waje, sai dai ka tattara duk kiran da manhajarka ke yi wa API ɗinsu a fayil ɗaya, bayananka kuma su zauna a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai da za ka iya ƙaura da ita zuwa wani wurin. Ran da suka ƙara kuɗi, wannan fayil ɗin kawai za ka sake rubutawa.