Cire Fitowar Ƙarshen Nan Daga Tirela

Kai yaro, kana tambayata me ya sa na hana ka saka fitowar ƙarshe a tirela, wato gajeren tallan fim, alhali ita ce ta fi kyau a fim ɗin. Zauna ka ji, ka sosa min inda yake min ciwo.

Aikin tirela shi ne ta bar mutum da tambaya a ransa, wadda ba zai samu amsarta ba sai ya biya kuɗin kallo. Ka nuna jarumi, ka nuna masifar da ta tunkaro shi, ka tsaya nan. Jera hoto da daidaita sauti kuwa ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda bai iya su ba, me ya kawo shi gaban kwamfutata?

Wani furodusa ya taɓa kawo min fim, labarin matar da ke neman wanda ya kashe mijinta, sai a ƙarshe a gano ƙaninta ne. Na tsefe fim ɗin nan dare da rana, na fitar da tirelar da ƙanin ya fito yana kuka a kan gawa, yadda ko a mafarki ba za ka zarge shi ba. Mutumin ya karɓi kwafin dubawa, wai zai nuna wa abokan hulɗarsa ya dawo da cikon kuɗina. Ashe wajen ɗan yayarsa ya kai, mai yanke-yanken bidiyo a waya. Yaron ya ɗauko inda ƙanin ke amsa laifinsa ya liƙa a ƙarshe, wai ta fi zafi, ya kuma ɗora waƙar wani ba da izini ba. Content ID, tsarin YouTube mai gano kayan da aka ɗauka ba da izini ba, ya gane waƙar aka toshe tirelar, amma kafin nan an sauke ta, ta zaga wayoyi. Ranar da aka fara haska fim, wa zai biya ya ga abin da ya riga ya sani? Kuma sunana na jiki! Ya bi gari yana cewa ni na kashe masa fim, wasu furodusoshi suka janye aikinsu daga hannuna. Cikon kuɗina har yau ban gani ba, ban kuma yafe ba.

Ku yaran yanzu komai so kuke ku zazzage lokaci guda don a danna muku alamar so. Ko a Amurka, a 2014 ƙungiyar masu gidajen sinima ta nemi kada tirela ta wuce minti 2, maimakon biyu da rabi da aka saba. A YouTube kuwa bayan daƙiƙa 5 mai kallo zai iya tsallake talla, amma kai ka cinye su da tambarin kamfani yana juyawa.

Je ka cire fitowar nan, ka mayar da tambarin baya, ka buɗe da ihun matar da ke fim ɗin nan. Kwafin da za a ba furodusa kuma ka ratsa sunanmu a tsakiyar hoton, ba za a goge shi ba sai kuɗi sun cika.