Ina Sadin Ya Tafi?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa wurin da muka cika jirgi da sadin bara, bana muka jefa taru sau uku muka janyo shi wayam. Har kana cewa ko kifin ne ya ƙare. Zauna ka ji.

Sadin ba shi da gida. Ruwa yake bi, shi kuma ruwan teku yawo yake yi. Idan iska ta daɗe tana kaɗawa ta gefen gaɓa, takan ture ruwan saman teku mai ɗumi can ciki, sai mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa, ɗauke da taki kamar na gona. Da rana ta haske shi, sai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani su yaɗu, ruwan ya koma kore-kore. Su da ƙananan halittun da ke cin su ne abincin sadin. Ka tuna jiya da na ce ka tsoma hannu? Ɗumi ka ji, ruwan shuɗi garau, kana hango igiyar taru har can ƙasa. Tun a lokacin gabana ya faɗi, don irin wannan ruwan ba ya riƙe kifi. Ko tsuntsu ɗaya ba mu ga ya tsunduma ba.

A Afirka ta Kudu, tsakanin Mayu da Yuli, sadin kan yi ayari ya bi gaɓar gabas zuwa lardin KwaZulu-Natal, amma sai zafin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 21. Shekarar da sanyin bai zo ba, masunta su yi ta zaman jira.

Wannan na damina da rani ne, mai sauƙi. Akwai wanda ke ɗaukar shekaru. El Nino, wani sauyin yanayi a tekun Pasifik, kan zo duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, ya shimfiɗa ruwan ɗumi a gaɓar Peru. Na 1972 ya haɗu da yawan kamu ya durƙusar da kifin ancobi, bayansa kuwa sadin ya yi ta ƙaruwa a wurin. A Japan an kama sadin fiye da tan miliyan 4 a 1988, shekara goma bayan haka ko kashi ɗaya cikin goma ba a samu ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta ga haka: sama da tan 700,000 a kakar 1936 zuwa 1937, amma a shekarun 1950 masana'antun kifin gwangwani na garin Monterey suka yi ta rufewa. Ɓawon kifi da aka tono a lakar teku kusa da garin Santa Barbara na jihar ya nuna wannan hawa da sauka ya fi shekara dubu ana yi, tun babu manyan jirage.

Sai dai kada ka ɗora wa teku laifin duka. Abin da ya fi damuna shi ne, idan sadin ya ragu, ragowar kan dunƙule wuri guda. Ka faɗa kansu, taru ya cika, ka zaci albarka ce, alhali iri kake kwashewa. Idan ruwa bai yi wa ƙwai daɗi ba, mu kuma muka kwashe iyaye, wa zai haifi na baɗi?

Gobe da asuba ka ɗauko ma'aunin zafi da littafin nan. Duk inda muka tsaya ka rubuta zafin ruwa, launinsa da inda iska ta fito. Za mu nausa har inda kore ya haɗu da shuɗi, a nan za mu fara dubawa.