Dalilin da ya sa na ce ka warware ɗinkin wurin nan

Yarona, ka tambaye ni me ya sa na sa ka warware farin wurin da ka jera a jakar Bayeraben nan, alhali ɗinkin ya yi kyau. Ɗinkinka ba laifi, basillarka ma ta fara zama a hannu. Matsalar ita ce ka ɗaura su biyu-biyu, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Mu da ke dukanci a unguwar Sabo ta Ibadan dole mu san abin da Yarbawa ke kira aroko, wato aika saƙo da kaya maimakon baki. A wurinsu, wuri biyu da suka fuskanci juna zumunci ne, ana cewa ina son ganinka. In suka ba juna baya, an yanke hulɗa ke nan. Wuri shida a zare ɗaya kuwa ƙauna ce, mai aikowa na cewa zuciyata ta karkata gare ka. To mutumin nan surukinsa zai kai wa jakar. Ka ga abin da za mu jawo masa? Matasan yanzu da yawa ba za su lura ba, amma dattijo yana karɓa zai juya ta a hannu, ya ƙirga, ya duba inda tsagar kowane wuri ta dosa.

Ba wuri kaɗai ba ne. Mataji rabuwa yake nufi, mafici roƙon a yi haƙuri, albarushi kuma yaƙi. Mafi nauyi ita ce rufaffiyar ƙwarya. A tsohuwar daular Oyo, in manyan fada bakwai da ake kira Oyo Mesi suka ƙi Alafin, wato sarkinsu, sai shugabansu Bashorun ya miƙa masa ita, wofi ko da ƙwan aku a ciki. Ba a ƙara magana, sarki ya san ransa ake so ya ɗauka da kansa. Bashorun Gaa, tsakanin 1754 da 1774, sarakuna bi da bi ya gama da su. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an watsa wuri a fata don ado kawai.

Ɗauko wuƙa ka tsinke zaren a hankali, kar ka yaga fatar. Ka mayar da su fuska da fuska, ka ja zaren ya kama sosai don kar ɗaya ya juye a hanya. Kafin ka ƙulle, kawo in gani.