Alƙalamin da za ka fara da shi

Ɗana, saƙonka ya iso bayan la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini, don rubutun waya ya yi wa idona ƙanƙanta yanzu. Ka ce kana son ka fara rubutu da alƙalami mai shan tawada irin wanda ka saba gani a aljihuna, ka tambayi wanne ne mai sauƙin kuɗi ga sabon shiga. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne a zamaninmu ba a ba da aron alƙalami ko ga ɗan'uwa, ko kuwa rowa ce muka laƙaba wa sunan al'ada. Nan na yi dariya har da tari. Amma da ta kai inda ka ce ka ga wani mai ruwan zinare a waya, kuɗinsa ya kusa cinye alawus ɗinka na bautar ƙasa, kuma kana tunanin tara masa kuɗi, sai jikina ya yi sanyi.

Bari ka ji yadda na samu nawa tukuna.

A 1975 ne, shekarar da ma'aikata suka kwashi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi musu, gari ya cika da sababbin babura da rediyo. Ni kuma sunana ya fito a cikin waɗanda za su tafi makarantar kwana. Aka aiko da takardar kayan da za a zo da su: akwatin ƙarfe, bokiti, fararen riguna, alƙalami mai shan tawada da kwalbar tawadarsa. Biro yana nan a kasuwa, amma malamanmu ba sa yarda yaro ya yi aikin aji da shi, suna cewa yana lalata hannu. Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a ajin boko ba, bai kuma samu ko kwabo daga Udoji ba. Ya sa aka karanta masa takardar, ya yi shiru, ya ce sauran kayan yayyena su je su sayo, alƙalamin kuwa da ƙafarsa zai je.

Ya goya ni a bayan kekensa, muka fita ta Ƙofar Wambai, muka ratsa Fagge, muka shiga Sabon Gari. A kantin akwai akwatin gilashi, alƙaluman Parker na kwance a ciki kowanne da gidansa, wasu akawuna biyu suna cinikinsa suna ɗaga murya don a ji. Kakanka ko kallon wajen bai yi ba. Ya ce a kawo masa na 'yan makaranta. Mai kanti ya zube masa Hero, 'yan Shanghai ta ƙasar Sin, waɗanda aka kwaikwayo daga Parker 51, bakinsu a lulluɓe, ɗan tsini kaɗai ke leƙowa. Idona ya faɗa kan wani ja mai murfin ruwan zinare, na kasa ɗauke shi.

Ka tuna mutum ne da ya yi rayuwarsa yana fiƙe alƙalamin gamba da 'yar wuƙarsa, yana tsaga bakinsa, yana rubuta wa almajirai allo. To haka ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ya cire murfi, ya juya baya ga ƙofa ya ɗaga tsinin sama inda haske ke shigowa, yana duba ko tsagar ta tafi daidai, ko wani ɓangaren ya ɗara wani. Ya goga shi a kan farcen babban yatsansa a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraro. Sai ya ce a buɗe tawada zai gwada. Mai kanti ya ce ba a yi. Kakanka ya ce to kwalbar ma ai saye zai yi, a buɗe tasa. Aka buɗe Quink, shuɗiya mai duhu, har yau ina jin ƙamshinta. Ya tsoma na farko, ya ja layi a bayan takardar ƙunshi, ya ce wannan yana cizon takarda. Na biyu ya zubo tawada da yawa, ya ce wannan mai amai ne. Jan nan nawa ma aka gwada, ya rubuta harafi biyu ya ɗauke, sai an girgiza. Ya ajiye shi gefe bai ce komai ba, ni kuwa hawaye ya cika mini ido. Daga ƙarshe wani kore mai duhu, marar ado ko kaɗan, shi ya bi hannunsa daga dama zuwa hagu bai yi tuntuɓe ba. Ya miƙo mini ya ce in ja shi ta ɓangarenmu na boko. Na ja, ya tafi sumul. A kan keke, muna hanyar gida, ya ce mini: "Ba a zaɓen alƙalami da ido. Hannu ne zai zauna da shi, hannu ake tambaya."

Bayan sallar isha ya kira ni zaure, ga fitilar ƙwai a tsakaninmu. Ya sa na kwance gangar alƙalamin, na tsoma bakin cikin kwalba, na matsa ɗan ƙarfen da ke danne robar ciki, kumfa ta tashi, na saki, na sake matsawa har kumfar ta daina. Ya ce Bismillah ce farkon abin da zai rubuta, sai sunana da na mahaifina. Ya tofa addu'a, ya tuna mini cewa Allah ya rantse da alƙalami a cikin Littafinsa, don haka ba abin yarwa a ƙasa ba ne, ba a tsallake shi, ba a sosa kunne da shi. Ya ce malaminsa yakan ce magana iska ke kwashe ta, rubutu kuwa yana nan bayan an binne mai shi, saboda haka kada in sa hannu a kan abin da ban gani ba. Na ƙarshe shi ne abin da ka tambaya: kada in ba da aronsa. Koren nan shi ya raka ni har na gama makarantar, da shi na rubuta takardar neman aikina na farko.

To ka ce rowa. Ɗana, gidan da ake fitar da tuwo zaure kullum dare ba a koyar da rowa a cikinsa. Tsofaffinmu cewa suke alƙalami yana koyon hannun mai shi, in baƙon hannu ya hau shi sai ya rikice. Ga na gamba wannan a fili yake, don kowa da yadda yake karkata fiƙarsa. Na ƙarfe ba ya saurin cinyewa haka, amma hatsarin yana nan: wanda ya saba da biro dannawa yake yi da ƙarfi, shi kuwa wannan nauyin kansa ya ishe shi. Dannawa ɗaya ta ware masa baki, shi ke nan. Wani kuma zai fizgi murfin da ake murzawa. In ya zama dole, babba ya miƙo hannu ba ka iya hana shi, dabarar da muka koya wurin akawuna ita ce ka ba shi alƙalamin ka riƙe murfin, kamar mai riƙe wa tunkiya ɗanta. Ba mai jefa buɗaɗɗen alƙalami a aljihun farar riga. Kuma an hana mu ba da aro ne don a hana mu karɓa, kowa ya tsaya ga nasa, tun da kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke damuna da ku shi ne ba ku san ciwon abu ba. Ina zuwa banki ina ganin samari, waya mai tsada a hannu, suna bin layi suna "a taimaka da biro", in an ba su kuma su wuce da shi ko waiwaye babu. Ku tauna kansa, ku yar, ku sayi wani. Yaushe rabon da ka rubuta wa mahaifiyarka wasiƙa da hannunka? Tana da ta mahaifinka ta tun kafin aure a ƙasan akwati, je ka tambaye ta. Yanzu kuma ka zo kana son ka fara daga zinare. Alƙalaminka na farko faɗuwa zai yi, za ka mance shi a buɗe, zai ɓata maka aljihu. Sayi wanda in haka ta faru ba za ka hana kanka barci ba, kuma ba za ka ji tsoron fita da shi kullum ba. Mai tsada a akwati yake ƙarewa.

Sunaye kuwa, yaran da ke kawo mini tawada sun nuna mini na yanzu, na kuma riƙe wasu. Hero yana nan, da ɗan'uwansa Jinhao, su ne mafi araha, sai dai a cikin tari ɗaya wani ya yi kyau wani ya ƙi, ga kuma jabu, don haka kada ka saya ba ka gwada ba. Na Japan biyu sun burge ni, Platinum Preppy da Pilot Kakuno. Jikin roba ne, ba su da kwarjini, amma bakinsu ba ya yaudara, kuma Preppy yana daɗewa a rufe bai bushe ba. Lamy Safari na Jamus, wanda ya fito tun 1980, ƙaƙƙarfa ne, an sassaƙa mariƙinsa don ya daidaita yatsu, amma kuɗinsa ya ninka na waɗancan, ya jira sai ka fara ɗaukar albashi. Ka lura da abu guda: Pilot da Platinum da Lamy kowanne da irin ƙwanson tawadarsa, wato 'yar robar da ake sayowa cike da tawada a cusa masa, na wani ba ya shiga na wani. In ba ka da tabbacin samun ƙwanson a inda kake, nemi mai zuƙa daga kwalba. Ka kuma ɗauki mai siririn baki, wanda aka sa wa alamar F, don takardunmu na yanzu shan tawada suke tana bazuwa.

Kuma don Allah kada ka zuba masa tawadar allo. Akwai ƙaro a cikinta, da gawayi. Wani ɗan ajinmu ya gwada da tasa ta ƙare, ta daskare a ciki, alƙalamin bai sake rubutu ba. Lokacin hunturu ka riƙa rufe shi da zarar ka ɗaga hannu, ka ajiye shi baki sama a aljihu, kada ka bar shi cikin mota a rana. In ya fara gardama, ruwan sanyi kawai za ka zuƙa ka fesar har ya fito fari.

Ban ce maka ga takamaiman wanda za ka saya ba, don akwai abin da nake son ji tukuna. Kana ƙarami da hagu kake rubutu, mahaifiyarka ta yi fama da kai a kan haka. In har yanzu da ita kake yi, maganar ta canja, don gefen hannunka zai riƙa bi ta kan ɗanyar tawada, sai mun nemi mai saurin bushewa. Ka sanar da ni, kuma ka riƙe kuɗinka sai ka zo hutun Sallah mu shiga kasuwa tare. Ka gaida mutanen gidan da kake zaune, ka riƙe sallarka a kan lokaci.