Baron na jarida da ka tambaye ni

Yaro na ga saƙonka, ka ce ka ji a rediyo ana cewa wane baron ne na jarida, shin sarauta ce ko mi? To rabi sarauta rabi kuɗi. Kalmar daga Ingila ta hito, can baron muƙami ne kamar ka ce hakimi a wajenmu, kuma wasu masu jaridun naɗa su aka yi da gaske, irin Alfred Harmsworth da ya buɗe Daily Mail a 1896 yana saida ta da araha har talaka ya iya saye, ya zo ya zama Lord Northcliffe, haka ma Beaverbrook mai Daily Express. Daga nan sunan ya bi duk attajirin da ya tara jaridu a hannunshi har ƴan siyasa ke shakkar shi. Da faransanci magnat de la presse ake cewa, kamar Robert Hersant da ya sayi Le Figaro a 1975. A zamanin nan kuma akwai Rupert Murdoch da ya tara jaridu a Ingila da Amurka, da Bolloré na Faransa mai tashoshin talabijin na Canal+ da CNews.

Nan Yamai ba mu da irin wannan ƙarfi, jaridu masu zaman kansu ma sai 1990 suka fara da Haské, sannan Le Républicain na marigayi Maman Abou a 1991, shi kuwa har madaba'a gare shi, kuma nan ne maganar take, don wanda ke da inji da takarda da tawada ba ya jiran izinin kowa kafin ya hito.

Abin da nake so ka gane kenan tunda kai a bakin inji kake. Wata rana wajen ƙarfe biyu na dare a madaba'ar da nake aiki mun ɗaura farantin shafin farko, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da rubutun da inji zai buga, tawada ta zauna daidai, har mun fara ja, sai wayar edita ta yi ƙara, mai jaridar ne da kanshi ya ce a cire labarin, wai mutumen da aka rubuta a kanshi shi ke ba su talla. Da hannuna na kwance farantin, abin da muka buga aka kai bayan shago aka ƙona. Ɗan jaridar da ya yi sati biyu yana bin labarin nan yana tsaye jikin ƙofa bai ce uffan ba, wallahi har yau in na tuna fuskarshi raina na ɓaci.