Keken Kare Mai Shanyayyun Ƙafafu: Ina Za a Sa Tayoyin?

TAMBAYA: Ƙafafun karena na baya sun shanye, sai jan gindi yake yi. Na haɗa masa keke da bututun roba, amma da ya yi taku kaɗan sai ya coge, wani lokaci ma keken ya kife. Ina matsalar take?

AMSA: Allah ya saka maka da alheri da ba ka yar da shi ba. Kafin komai, likitan dabbobi ya duba shi. Idan rauni ne sabo a ƙashin baya, sau da yawa hutun mako 4 zuwa 6 yake buƙata tukuna. Sannan ka zura tawul ƙarƙashin cikinsa ka ɗaga bayansa. In ya tafi garau da ƙafafun gaba, keke mai taya biyu ya isa. In yana durƙushewa, sai mai taya huɗu.

Zarginmu ya fi ƙarfi a kan mazaunin tayoyin. Sandar da ta riƙe su ta zauna daidai saitin kwankwasonsa. Idan ta yi baya da yawa, nauyi duk sai ya koma kan kafaɗu, shi ya sa yake gajiya ya coge. Idan ta yi gaba, sai keken ya rinjaya baya, ka ga sandunan gefe suna ɗagawa sama. Ka riƙa matsar da ita rabin inci rabin inci har sandunan su miƙe daidai da ƙasa, gadon bayansa kuma ya miƙe sak. Maganin kifewa shi ne a buɗa tayoyin ta ƙasa, su fi faɗin jikinsa.

Awo uku ake yi: daga ƙasa zuwa matsematsi, daga hammata zuwa gindin wutsiya, da faɗin jiki. Bututu mai rabin inci na ƙaramin kare ne; babba sai alminiyam, don roba lanƙwasawa take yi.

Maɗaurin da ke ɗauke da cinyoyi a lulluɓe shi da soso, a bar wurin fitsari da kashi, yatsu biyu kuma su iya shiga ƙarƙashinsa. Wannan wurin muke tsoro ƙwarai, domin karen da ba ya jin zafi ba zai yi kuka ba har gyambo ya buɗe. Duk lokacin da ka cire keken, buɗa gashin matsematsi ka nemi ja ko saɓa. Dagin da ke gogar ƙasa a rataye shi ko a sa masa safa mai kauri.

Fara da minti 5 zuwa 10, kana tsaye a kansa, tunda ba ya iya kwanciya a cikin keken.