Motsa Jiki da Bakteriyar Hanji

Ka tambaya ko motsa jiki na sauya bakteriyar cikin hanji. Akwai alamar haka. A 2014, masu bincike a ƙasar Ailan sun gano 'yan wasan rugbi sun fi sauran maza yawan nau'o'in bakteriya, sai dai abincinsu ma daban yake, don haka ban cika dogara da wannan ba. Binciken Jami'ar Ilinoi ta Amurka na 2018 ya fi gamsar da ni. Mutanen da ba sa motsa jiki suka yi atisayen mako 6 ba tare da sauya abinci ba, sai bakteriya masu samar da butiret, sinadarin da ke ciyar da bangon hanji, suka ƙaru, musamman ga marasa ƙiba. Da suka daina, aka koma gidan jiya.